Ba Zafi, Likita

Jiya da dare na yi wani mafarki da ya ajiye ni a ofishin ba da lasisin likitocin dabbobi. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki ba takarda, kuma ko a farke an ce ranar Litinin za a rufe mini shago in ban kawo ta ba. Ni kuwa da na ga takardar jarrabawa, hannun nan da ke juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa sai ya kasa riƙe biro.

Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, don haka kowa ya shigo da jiƙaƙƙen wando da busasshiyar hula. A teburin farko wata akuya ce mai tabarau, tana taunar fayil.

"Tsofaffin hannu ba sa rubuta komai," in ji ta. "An yafe muku."

Raina bai kwanta ba. Tun da nake ban taɓa ganin ofishin da ya yafe abu yana murmushi ba.

Sai ga Malam Jatau, abokin aikina na kasuwar shanu, ya fito daga ɗakin ciki, ya karkato hula ya rufe kunnen hagu.

"Jatau, me suka tambaye ka?"

"Ba sa tambaya, Barau. Tunawa suke yi."

Sai na gan ni a ciki. Shugaban kwamiti wani ƙaton taure ne. Na dubi kunnensa na hagu: tsaga biyu, irin wadda nake yi wa duk bunsurun da na dandaƙe.

"Gwaninta kam mun shaida," in ji shi. "Ranar Laraba ce, a gindin tsamiya. Me ka ce mini kafin ka fara?"

"Na ce ba zafi."

"Sakatare, rubuta." Sakatare ya haɗiye biro.

"Ranka ya daɗe, a ba ni jarrabawar. Ko shafi ɗari ne zan rubuta."

"Haba Likita, wa zai wahalar da gwani? Mu a jiki muke buga lasisi. Daga kunne ake farawa."

Aka zaro almakashi daga jakata. Tumaki huɗu suka danne ni daidai yadda nake koya wa masu dabbobi. Shugaba ya sunkuyo, ya shafa wuyana.

"Ba zafi, Likita."

Bugun ƙofa ya tashe ni. Maƙwabciyata ce, Inna Kulu, tana jan bunsuru da igiya.

"Likita, ga shi na kawo a dandaƙe, ya dami unguwa."

Bunsurun ya zuba mini ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Na taɓa kunnena, na durƙusa kusa da shi.

"Malam, da zafi. In ka zama shugaba, ka tuna ni na gaya maka."