Gayyar Riɗin Garba

Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna, kwana uku ne ko huɗu, sai kwanson ya tsage ya zubar da komai ƙasa. Kowa a ƙauyenmu na bayan Damazin ya san haka, har da yayana Garba, mai gonar riɗi fadan goma, wato kusan eka goma, da gwiwa mai ciwo.

Tun kakanninmu, in mutum zai yi gayya, da ƙafarsa yake bi gida-gida. Ya zauna, ya sha shayi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Bana sai ɗan Garba, Mujahid, wanda ya yi shekara biyu a garin Hasahisa yana gyaran wayoyi ya dawo yana jin kansa likita, ya hana shi fita.

"Ya Hajj, halas, ya isa haka, huta," in ji shi. "Wanga yawo na mutanen da ne. Minti guda in sa a gurub na 'yan ƙauyenmu a waya, kowa shi gani."

Garba kuwa ya yarda, don ɗansa ne, kuma da waya a hannunsa.

Mujahid ya rubuta, da Larabci ma. Mutum arba'in da bakwai suka aiko da hoton babban yatsa. Ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa, yana washe baki. Aka yanka tunkiya. Ni da Hafsa, matar Garba, muka yi ta gasa kisra, gurasarmu ta dawa, har hayaƙi ya kusa makantar da mu.

Ranar gayya mutum biyar suka zo. Biyu daga cikinsu cin nama ya kawo su, na rantse.

Ashe yawancin masu yatsan suna Saudiyya da Masar. Masu lauje kuwa suna gidajensu, sun ji labari sarai, sun ɗaure fuska. Kwana biyu muna yanka mu kaɗai, riɗin yana zuba a ƙafafunmu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Rana ta uku Garba ya ɗingisa zuwa gidan Sadisu, abokinsa tun suna kiwon awaki, ina biye da shi. Muka tarar da shi zaune, laujensa wasasshe a gefen tabarma.

"Sadisu, mi na yi maka?"

Sadisu bai ɗago ba.

"Tun Laraba na wasa shi, Garba," ya ce. "Ina ta sauraren sallamarka."