Jini a Firizar Emenike

Naila ta sa sunan Emenike a saman sunan ubanta a shafin godiya na kundin digirinta.

Uban nata, Malam Dalhatu, ba ya karanta Turanci, amma ya san kamannin sunansa. Ya bi shafin da yatsa yana zaune a shagonsa na ƙanƙara a Sabon Gari. A layi na shida ya same shi. A layi na biyu kuwa ga sunan da ya shekara ashirin yana gani a allon shagon tsallaken titi, inda Emenike ke sayar da tasa ƙanƙarar.

Abin ya faro ne bara, cikin azumi. Naila tana bincike a wani ɗakin gwaji a Samaru kan wani abu na cikin jini da ake kira RNA. Ta sha yi wa ubanta bayani: shi ke kai saƙo cikin ƙwayoyin jiki, da shi ake gane ciwo tun bai kwantar da mutum ba, har alluran rigakafi ake yi da shi yanzu. Sai dai ba ya jure zafi. Ranar da aka ɗauke musu wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, ta iso shagon Malam Dalhatu da kula cike da 'yan kwalaben jinin majinyata, aikin wata takwas.

"Baba, a ba ni gefe a firiza, kwana uku kawai."

"Jini? A inda nake yin ƙanƙarar da masu azumi za su sha ruwa da ita?"

"A rufe suke, Baba."

"Najasa ba ta shiga firizata. Na gama magana."

Ta tsallaka titi. Yana kallo Emenike ya kwashe ƙanƙarar firiza guda ya zube a waje, tana narkewa a rana. Kwana uku janaretan Emenike bai huta ba.

Malam Dalhatu bai taɓa jin ya yi kuskure ba. Abin da ke cin ransa daban ne. Mutumin da bai saya mata ko fensir ba, yanzu shi ke tara masu keke yana yi musu bayanin RNA kamar a gidansu aka ƙera shi. In ya hango Malam Dalhatu sai ya ɗaga murya: "Malam, 'yarmu ta zama dakta fa!"

'Yarmu. Da wa ya haife ta?

Naila ta shigo da la'asar, ta durƙusa ta gaishe shi. Kundin na kan cinyarsa a rufe.

"Ranar Asabar za a yi mana walima a makaranta. An ajiye kujeru biyu a gaba, ɗaya taka, ɗaya ta Baba Emenike."

"Baba wa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ƙirga," in ji shi. "Shi na biyu, ni na shida."

"Haka ake jerawa, Baba. Waɗanda suka taimaka a aikin su ne farko, iyaye a ƙarshe."

"To shi ya taimaka. Ni ban taimaka ba."

"Ban ce haka ba. Don Allah, Baba, kai nake so in gani a wurin."

Ya dubi tsallaken titi. Emenike na ɗaga musu hannu, bakinsa har kunne. Malam Dalhatu ya miƙa mata kundin.

"Ba zan je ba."