Mamacin da Ya Riga Direba Isa

"Ba inda za ka, Baba," in ji Clara, ta tare ƙofa. "Likita ya ce ka kwanta."

"Likitan ya karanta littafina?"

Maƙwabcina Zacharias ke nan, tsohon direba, yana laluben takalmi da ƙafa. Ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya, sai raɗa. Littafin labarin da ya buga da kansa na jibge a kwali, 'yar tasa kuwa ta ce mai tsire yana son takardun.

"Ina raye ba za a naɗe tsire da ni ba. Malam Badamasi, ɗauko kwalin."

Na ɗauko. Ni dama abin al'ajabi ne abincina. Na taɓa bin wani farin hankaka har Jiwa.

A tashar Zuba, dabararsa irin ta masu tallan magani ce: ka tsaya a bakin mota kafin ta cika, ka faɗi kaɗan. Ya dafa kafaɗata yana raɗa, ni ina ɗaga murya.

"Jama'a! Wani direba aka ba gawa ya kai Kaduna. Bai tsaya ko'ina ba. Da isarsa, iyalan suka ce, ai mutumin nan ya riga ka zuwa, ya ci tuwo, har ya bar maka sallahu."

Daɗi ya kwashe ni, na ƙara da cewa ashe aljani ne. Ya mintsine ni.

"Wa ya aike ka? Ƙamshi ake ba su, ba nama ba."

 Wata mata ta leƙo daga kujerar baya ta motar.

"Oga, wane sallahu?"

"Yana ciki, Madam," in ji shi da guntuwar muryarsa.

"Tsohon nan da wayo yake! Miƙo ɗaya."

Hannuwa suka fito ta tagogi. Direba na ta danna hon, ba wanda ya kula shi. Haka muka bi mota bayan mota har la'asar. Na kawo wa Zacharias benci, ya ture shi da ƙafa.

Bai sake fita ba. Ranar Laraba da hantsi ya rasu, Clara na riƙe da hannunsa.

Da muka dawo daga binne shi a Tungan Maje, cunkoso ya tsayar da mu a gaban kasuwa. Wani mai kankana na zaune kan buhu, littafin a cinyarsa, yatsa kan layi, leɓɓa na motsi. Mai saye na tsaye a kansa tun ɗazu, bai ɗago ba.