Batirin Farin Jirgi

Auta tana tsakiyar aiki a asibiti mahaifiyarta ta kira ta a waya.

"Babanki ya kusa ƙone mana gida," in ji Mama, muryarta a dushe. "Ki zo ki yi masa magana. Ke kaɗai yake ji."

Baba tsohon mai gyaran rediyo ne. Da ya rufe shago sai ya mayar da ɗan ɗakin da ke bayan kicin wurin harhaɗa ƙananan jiragen ruwa na tsere, waɗanda ba su fi tsawon hannun mutum ba, ana tuƙa su da rimot daga bakin ruwa. Duk ƙarshen mako shi da wasu dattawa sukan haɗu a tafkin da ke bayan tsohuwar masaƙa. A bara likita ya tabbatar masa cewa rawar da hannunsa ke yi ciwo ne da ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani.

Da yamma Auta ta iso, ko kayan aikin jinya ba ta cire ba. Tun daga ƙofa ƙauri ya tare ta. Labulen tagar ɗakin ya ƙone rabi, tsakiyar teburin ya yi baƙi ƙirin. Baba na zaune a kan kujerarsa, ya naɗe yatsunsa da tsumma.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance tsumman. Fatar ta tashi ta yi ruwa.

"Yaya aka yi, Baba?"

"Ina liƙa waya da dalma ne, hannun ya ƙwace mini. Jar wayar ta taɓa baƙar. Kafin in ankara batirin ya kumbura yana hayaƙi. Na ɗauke shi da filaya na jefa ta taga, shi ne ya kama labule."

Ta wanke ƙunar, ta shafa magani, ta naɗe da bandeji. Duk lokacin hannun yana karkarwa a cikin nata, kamar tsuntsun da aka kama.

"Na zo in kwashe batiran ne," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

"Na sani. Na ji lokacin da mamanki take gaya miki."

Ta yi zaton zai yi faɗa, har ta shirya amsoshinta tun a mota. Amma bai yi ba. Can ya nuna wani farin jirgi mai siririn baki da ke kan kanta.

"Gobe akwai tsere. Kafin ki kwashe, ki saka mini ɗaya a cikin wancan. Ni ba zan taɓa komai ba, baki kawai zan sa."

"Baba, ban san kan abin nan ba."

"Ke da kike nemo jijiya a hannun jariri, waya ce za ta gagare ki?"

Ta sauko da jirgin, ta ɗora shi inda wuta ba ta ci ba. Ta buɗe murfin. Cikin ya matse: inji a tsakiya, siririn ƙarfen da ke juya farfela ya miƙe zuwa baya, ga wata 'yar tiyo ta kewaye injin.

"Wannan tiyon ruwa ke bi ta ciki yana sanyaya inji. Kada batiri ya danne ta. Fara shimfiɗa soson nan."

Ta shimfiɗa. Ya sa ta zaɓi batiri, ta juya shi gaba da baya, ta latsa da yatsa ta tabbatar bai kumbura ba. Ta kwantar da shi a kan soson.

"Ya yi gaba da yawa. A haka bakin jirgin zai riƙa nutsewa yana shan ruwa. Ja shi baya."

Ta ja.

"Yanzu kuma kin wuce. Yana ɗaukar gudu zai ɗaga kai, iska ta shiga ƙasansa ta kifar da shi. Dawo da shi faɗin yatsa."

Ya sa ta ɗora jirgin a kan yatsunta biyu daga ƙasa, ta riƙa matsawa har ya tsaya bai rinjayi gaba ba, bai rinjayi baya ba. Ya daɗe yana kallo kafin ya gyaɗa kai. Ta ɗaure batirin da maɗauri, ta cusa guntun soso a gefe don kada ya zame a kwana, ta kawar da wayoyin daga ƙarfen farfela. Sau da yawa hannunsa yakan taso daga cinyarsa zai gyara wani abu, sai ya mayar da shi. Auta ta yi kamar ba ta gani ba.

"Kada ki jona," ya ce. "Sai mun je bakin ruwa."

Washegari da safe ta kai shi tafkin. Dattawan sun jeru da kujerunsu na roba. Wani abokinsa da ake kira Dogo ya dubi bandejin, ya dubi Auta, ya ce, "Yau da likita ka zo mana? To mu dai ba za mu raga maka ba."

Auta ta jona wayar, injin ya yi 'yar ƙara. Ta rufe murfin, ta bi gefensa da salatif kamar yadda ya nuna mata, ta sa jirgin a ruwa. Da ta miƙa masa rimot, hannunsa na rawa har eriyar tana kaɗawa.

Aka busa usur. Jiragen suka tashi suna tsaga ruwa. Auta ba jirgin take kallo ba, hannun take kallo. Yatsansa na kama kunamar rimot mai ba jirgi gudu, ɗaya hannun ya riƙe 'yar tayar juyawa, sai rawar ta lafa. Ta san wannan a karatu, cewa irin ciwon nan yakan sassauta idan hannu ya kama aiki, amma ba ta taɓa ganinsa a jikin mahaifinta ba. Farin jirgin ya kwanta lub a kan ruwa, ya sha kwana bai karkace ba. Bai zo na farko ba, Dogo ne ya ci, amma ya bar wasu a baya. Yana sakin kunamar, rawar ta dawo.

"Zaman batirin ya yi," abin da ya ce mata ke nan.

Da suka isa gida ta tattara batiran da na'urar caji da ƙarfen dalma ta zuba a akwatin ƙarfe. Mama na tsaye a bakin ƙofa.

"A wurina za su zauna," Auta ta ce mata. "Ni zan riƙa yin caji. Ranar tsere in zo da su in saka masa, in an gama in koma da su."

Mama ta dubi mijinta. "Ka yarda, Malam?"

"Na yarda."

Haka suka yi ta yi. Wani makon aiki ya hana ta, sai ya zauna a gida. A hankali ta daina buƙatar a ce mata gaba ko baya, har sauran dattawan suka fara miƙo mata nasu jiragen ta ɗora a yatsu. Ciwon kuwa bai tsaya ba. Ya sauka ƙafafu, ya taɓa murya, daga baya ko ya kama rimot rawar ba ta lafawa sosai. Wata rana jirgin ya ƙwace masa ya daki gaɓa, bakin ya tsage. A mota ya ce mata mako mai zuwa ne na ƙarshe.

Dogo ne ya liƙe tsagar. Ranar tseren nasa na ƙarshe, suna shirin fita sai ga Mama ta fito da lema a hannu. Ba ta taɓa zuwa tafkin ba. Da suka isa ta zauna kusa da Baba, ta riƙe masa lemar, Auta na durƙushe tana ɗaure batiri.

Da jiragen suka yi nisa, Mama ta kare ido da hannu.

"Wanne ne naka?"

"Farin can, na baya."

Ta bi shi da kallo har ya zagayo ya wuce ta gabansu.

"Ashe haka yake gudu," ta ce a hankali. "Ni ƙarar kawai nake ji daga kicin in kana gwada shi a ɗaki."