Takwarar Ummussalma

Motar Gwaram ta cika har ta batse, amma direba ya rantse sai ya ƙara mutum ɗaya. Ummussalma ta rungume jakar kwamfutarta, ta matse jikin taga a tashar Birnin Kudu, ta sake karanta saƙon da ta rubuta a wayarta: "Na gaji. Ku nemi wanda zai riƙe aikin gyara." Ba ta tura ba tukuna. So take ta fara gaya wa Kawu Sanda baki da baki, tunda saboda shi ta shiga aikin bayan ya rasa ganinsa.

Sunan manhajar Jagora, ita ke karanta wa makafi abin da ke kan waya da Hausa. Kyauta ce, ba ta da mai ita. 'Yan sa-kai ne daga Kano, Maraɗi, har da ƙasashen da Ummussalma ba ta taɓa takawa ba, kowa ya kawo abin da ya iya. Masu kawo sabon abu su ake tafa wa. Ita kuwa nata rabon shara ce da wanke-wanke. Masu ƙera waya su sauya wani abu, Jagora ta yi gum, a nemo Ummussalma. Wani ya ƙara maɓalli ɗaya ya ɓata tsofaffin, a nemo Ummussalma. Ta taso daga koyarwa a gajiye, ta zauna amsa koke-koke. In abu yana aiki, wa zai tuna da mai hana shi lalacewa? Haushi ya sa ta daina ko leƙa zauren hirarsu na intanet tun makon jiya.

Daga Gwaram ta hau babur zuwa garinsu, Maruta. Tun daga bakin layi ƙamshin waina ya tare ta. Ta yi sallama, sai guɗa ta tashi. Mata cike da tsakar gida, ga tanda a kan wuta, ga kunu a roba. Kakarta Dada ta taso tana rangaji, zani a ɗaure a ƙirji.

"Ga uwar suna! Ku ba ta tabarma!"

"Ikon Allah! Dada, wa ya haihu ba a gaya mini ba?"

"Ji ta fa. An yi miki takwara kina can kina hura hanci. Sanda, kunna mata ta ji da kunnenta."

Kawu Sanda yana zaune a inuwar darbejiya tare da abokansa biyu, su ma makafi, kowa da wayarsa a hannu. Bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya shafa fuskar wayar da ɗan yatsa, muryar da Ummussalma ta sani kamar tata ta fito:

"Barka da zuwa sabuwar Jagora. Wannan fitowar mun raɗa mata suna Ummussalma, sunan wadda ta daɗe tana gyara abin da muka ɓata ba mu ce mata sannu ba. Sannu, Malama. Daga yau Khuzaima da Abdulnasir za su raba aikin gyara da ke."

Ummussalma ta zauna daɓas a kan tabarma. Wallahi daɗi ta ji, irin daɗin da ke zuwa da kunya, har hawaye suka zubo ba ta shirya ba. Ashe abin da suke ta tattaunawa ke nan a zauren da ta ƙaurace wa.

"Jiya wayar ta sabunta kanta," in ji Kawu Sanda. "Ina jin sunanki na ce a'a, maimaita. Ta maimaita. Na kira Malam Salihu a Sundimina, ya ce shi ma tasa haka ta faɗa. To ka ji, duniya duk ta ji!"

Ta share ido da gefen hijabi. "Amma Dada, wannan hidima haka? Ai ba jaririya ba ce, manhaja ce."

"Na sani, ke za ki koya mini? Ko tukunya aka sa wa sunan jikata sai na soya waina. Ke dai faɗa mini, me kika kawo wa takwarar taki? Ko hannu kika zo kina kaɗawa?"

Mata suka kwashe da dariya. Dada ta kwance bakin zaninta, ta zaro wata 'yar jaka da ta ɗinka da hannu daga ƙyallen atamfa, daidai girman waya.

"Na san ba ki da kunya, shi ya sa na rufa miki asiri. Ungo, sa mata riga. A gidan nan ba a barin takwara tsirara."

Ummussalma ta karɓi wayar Kawu, ta zura ta cikin jakar. Wayar ta zauna cif. Aka sake rangaɗa guɗa, Kawu ya ɗaga hannu aka yi addu'a, Allah ya raya, Allah ya sa mai amfani ce. Aka shafa, aka hau waina.

Ana cikin ci Kawu ya juyo wajen Ummussalma. "Af, da kika kira kin ce kina da magana da ni."

Kafin ta buɗe baki, wata maƙwabciya da ta shigo a makare ta ce ita ma sai an kunna mata. Kawu ya zaro wayar, ya shafa. Muryar ta fara, "Barka da zuwa, barka da zuwa, barka da zuwa," ta maƙale a nan kamar akuyar da aka ɗaure. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ina!

Dada ta taɓe baki. "To, ga ta nan ta fara rigima. Halinki ta ɗauko. Karɓi abarki."

Ummussalma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta goge man waina daga hannunta, ta ɗora wayar a cinya, ta buɗe kwamfuta. Sannan ta ɗauko tata wayar, ta share saƙon nan na tasha, ta rubuta wa Khuzaima: "Takwarata tana kuka a Maruta. Zo mu duba tare."

"Maganar fa?" in ji Kawu Sanda.

"Bari in lallashe ta tukuna, Kawu."