Inda Fuskar Manu Take Kallo

Duk ranar kasuwar Bukkuyum, Halilu yakan taso daga ƙauyensu na wajen Gummi da ɗaurin igiyoyin rama da ya tufka, ya baje su a gefen rumfar Barau mai shayi. Ba cinikin igiyar ne ya dame shi ba. Shi da Barau ne kaɗai suka rage cikin samarin yankin da Turawa suka ɗiba lokacin yaƙin Boma, suka zuba a jirgin ruwa har ƙasar Indiya. Halilu ya kai kofur, Barau kuwa kuku ne, kuma har a wannan shekara da soja suka mayar wa farar hula mulki, Kofur da Kuku suke kiran juna.

Hirarsu ba ta canzawa. Barikin nan na Indiya, da bukkokin gora, da ruwan sama da yakan yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba har takalma su yi funfuna. Birai masu shiga kicin su saci burodi. Shanu kwance a tsakiyar titi, ba mai korar su, balle ya yi tunanin wuƙa. Halilu yakan ce shinkafar Barau ta fi harsashin Japan kashe mutane, Barau ya ce ai ga shi nan da ransa, ya ƙi mutuwa don kawai ya riƙa shan shayin banza. Mutum ɗaya ne hirar takan kewaye ba ta taɓa shi ba: Manu.

Manu Bafillace ne, ɗan rugar da ke bayan garin su Halilu. Tare suka yi iyo a gulbi suna yara, tare aka ɗebe su, kuma gadajensu a bariki suna jere. Bai ga fagen yaƙi ba. Zazzaɓi ya kama shi a damina ta farko, ya tafi da shi. Halilu ne ya yi masa wanka, shi ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Da yaƙi ya ƙare Halilu ya dawo, ya je ruga gaisuwa tun bai cire kaki ba. Innar Manu ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi: an yi masa sutura irin ta Musulmi, an fuskantar da shi gabas? Halilu ya ce an yi masa komai daidai, sai dai yamma aka fuskantar da shi, domin a can alƙibla yamma take. Tsohuwar ta tashi ta shige bukka. Ba ta sake ambaton maganar ba har ta rasu.

Ƙanwar Manu, Iyatu, tana tsaye a wurin da ƙwarya a hannu. Ita ta riƙe maganar. A saninta gabas guda ce, can rana ke fitowa, can ake kallo a yi salla, can ake juya fuskar mamaci. Malamai sun yi mata bayani, alhazai ma sun yi, ta ce ai ba su ne suka shiga kabarin ba. Ta yi aure a wata ruga can gaba da Bukkuyum ta hanyar Anka, ta yi shekara da shekaru tana kawo nono kasuwa. In ta hango Halilu ya nufo layin masu nono, sai ta ja faifai ta rufe ƙwarya, ta kau da kai. Fiye da shekara talatin bai sha nononta ba.

Ran nan da hantsi, ɗan Iyatu, Surajo dillalin shanu, ya zo rumfar Barau, ya durƙusa ya gaishe su. Ya ce Innarsa ta kwanta tun kaka, ƙafafunta sun kumbura, ko tsakar gida sai an fito da ita. Ta aiko shi ya kira Baba Halilu. Ya yi ta murza hularsa kafin ya ƙarasa saƙon: ta ce ya zo ya faɗa mata da bakinsa cewa gabas suka kwantar da Hammanta, wato yayanta Manu, don ta mutu da kwanciyar rai.

Da Surajo ya koma kara wurin shanunsa, Barau ya zuba wa Halilu shayi, ya ce abin ai mai sauƙi ne.

"Ce mata gabas, Kofur. Wa za shi Indiya shi tone? Tsohuwa na bakin kabari, kai kana nan kana fareti da gaskiya."

"Ni na juya fuskarshi da hannuna, Kuku. Kana tsaye."

"Ina tsaye, kuma in ta tambaye ni gabas zan ce."

Halilu ya ajiye kofin. Shayin ya huce a gabansa. Yana jin tausayin Iyatu har cikin ƙashinsa, kuma ya san kalma ɗaya ce za ta sauke mata abin da ta daɗe tana ɗauke da shi. Amma in ya ce gabas, ya yarda ke nan cewa yamma kuskure ne, ya mayar da jana'izar da suka yi wa Manu cikin ruwa da laka abin ɓoyewa. Kuma Iyatu ba yarinya ba ce. Za ta saurari muryarsa, ta gane lallashi ne, ta tafi da tabbacin cewa abin da take tsoro gaskiya ne.

Bayan la'asar suka hau bayan wata motar katako mai zuwa Anka, shi da Surajo, cikin buhunan gero da akuyoyi. Halilu bai taɓa bin wannan hanya ba. Duk zuwansa Bukkuyum daga Gummi yake fitowa, ya juya ya koma. Har suka sauka a bakin wata hanyar shanu bai san abin da zai faɗa ba. Ya tsaya yana gyara igiyar takalminsa, ya waiga inda suka fito. Rana ta yi ƙasa, tana gangarawa daidai kan Bukkuyum. Ya daɗe yana kallo, har Surajo ya tambaye shi ko ya bar wani abu a mota. Tun yana yaro, Bukkuyum a wurinsa garin da rana ke fitowa ta kansa ne.

Sun iske Iyatu a kan tabarma a ƙofar bukkarta, an jingina ta da buhu. Ta rame, amma idon nan yana nan yadda ya san shi. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi jiki, ta tambayi iyali, kamar ba su ne suka yi rabin rayuwa ba sa magana ba. Sannan ta sallami matan gidan, ta bar Surajo kaɗai.

"Kaɗo," ta kira shi yadda Fulani ke kiran Bahaushe, "ka ji saƙona. Faɗi in ji."

Halilu ya zauna a kan turmi, ya ce zai faɗa, amma ta bari ya tambaye ta wani abu tukuna. Lokacin tana budurwa a rugar Innarta, in ta ɗauki nono da sassafe za ta kasuwar Bukkuyum, ina rana take?

Ta harare shi, ta ce ba hira ta kira shi ba. Amma ta amsa: a ido take, har sai ta ja gyale ta kare fuska.

To da ta yi aure ta dawo nan, in ta tashi da sassafe za ta kasuwar?

"A ƙeya," in ji ta. "Mi ya haɗa wanga da Hamma?"

"Kasuwar anka ɗauke anka mayar yamma?"

"Kasuwa na inda take. Ni na wuce ta."

Can wani maraƙi yana kukan uwarsa a bayan bukka. Halilu ya ga leɓenta yana motsi, ta sake faɗin maganar a ranta.

"Mun wuce Makka, Iyatu," ya ce a hankali. "Jirgin ya yi ta tafiya da mu har munka bar ta baya. Da mun fuskantar da shi gabas, da ƙeya ya ba ta."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta dubi Surajo, ta dubi ranar da ke faɗuwa, ta ce malamai ba haka suka faɗa mata ba, su dai cewa suka yi ya halatta. Daga nan ta sa gefen zane ta rufe fuska. Halilu ya ji ta tana faɗa ƙasa ƙasa cewa ashe Hamma ya yi nisa haka, ya wuce Makka bai gan ta ba. Wannan bai taɓa zo masa a rai ba. Ya bar ta ta yi kukanta.

Da ta share ido, sai ta tambaye shi ko shi Manun ya yarda da wannan yamma tasu tun yana da rai. Nan Halilu ya yi dariya, bai shirya ba. Ya ba ta labarin makonsu na farko a bariki, yadda suka yi sahu suka fuskanci fitowar rana kamar a gida, wani tsohon tela Ba'indiye mai jan gemu ya fito da gudu daga shagonsa yana ɗaga hannu, ya kama kafaɗar Barau ya juya shi kamar ana juya jaki. Kowa ya juya, ban da Manu. Ya ce shi ba zai bi sallar mutanen da ba su san amfanin saniya ba. Kwanaki ya yi yana sallarsa shi kaɗai, baya da baya da jama'a, sai da limamin soja ya zaunar da shi, sannan ya juyo, yana gunaguni da Fillanci.

"Shi ne," in ji Iyatu, dariya da hawaye tare. "Wallahi shi ne. Kan nan nashi kamar dutsi."

"Na gida ne," in ji Halilu. Ta ɗaga hannu kamar za ta jefe shi da wani abu.

Daga nan tambayoyi suka ɓalle, waɗanda ta tara tun tana budurwa ba ta da wanda za ta yi wa. Me yake ci a can? Ya sami nono? Halilu ya gaya mata yadda Manu yakan saci jiki ya fita bayan wayar shingen bariki da yamma, wurin wani makiyayi da ba sa jin yaren juna, ya taya shi tatsa, a ba shi madara a gwangwani ya kawo musu. Ya gaya mata shanun can ma suna da tozo, kuma Manu ya sa wa wata farar saniya sunan saniyar Innarsu. Ya gaya mata inda kabarin yake, a gindin wani mangwaro a bayan asibitin bariki, kansa arewa, kuma telan nan mai jan gemu yana cikin waɗanda suka yi masa salla.

Magariba ta kawo jiki. Surajo ya kawo buta, ya taimaka wa uwarsa ta yi alwala, ya juya tabarmarta gabas domin a zaune take salla yanzu. Kafin ta ɗaga hannu sai ta dakata.

"Kaɗo. Ni ina kallon gabas, shi yana kallon yamma."

"Haka ne."

"Ashe duk shekarun nan fuskarshi nike kallo."

Ta yi kabbara. Halilu da Surajo suka koma gefe suka yi tasu.

Da suka idar, ta kira matar Surajo ta ce a kawo wa baƙo nono, na safe, ba wanda aka sirka ba. Aka kawo ƙwarya rufe da faifai aka ajiye tsakaninsu. Halilu ya miƙa hannu, ta ce ya dakata. Ta jawo jiki da ƙyar, ta ɗage faifan da kanta, ta tura masa ƙwaryar.

Ya sha, ya goge gemu, ya ce na Indiya ya fi shi kauri. Ta ce to ya tashi ya koma can.