Ruwa a Garwar Esansi

Shekarar da Nasara suka share fili a bayan Damagaram don saukar jirgin sama, Nomau mutumin Garagumsa yana cikin waɗanda aka kama aikin tilas. Su arba'in suka ɗauko man jirgin a ka tun daga Kano, kowa da garwarsa. Gardi Tahiru, mai tsaronsu, esansi yake kiran man, yana wani lanƙwasa harshe kamar a gidansu ake matse shi. Ya ce ranar da jirgi ya sauka ya sha, ranar za a sallame su.

Jirgi kuwa shiru. Ruwan shuka ya sauka, irin geron Nomau na can cikin rumbu, matarsa Hajara ba ta da mai yi mata saran shuka. Ya gaji, irin gajiyar da ko tsaki mutum ba ya iya ja.

Da rana garewanin sukan kumbura, wari na fita ta bakin murfi. Tahiru ya ce rana ce ke shanye man, in ya ragu kuma sai an koma Kano. Jin haka hankalin Nomau ya tashi. Abin da ake yi wa tulu da bazara shi ya yi musu: ya lulluɓe su da buhuna, safe da azahar yana kwara ruwa. Suka yi sanyi, kumburi ya tsaya. Tahiru har goro ya ba shi.

Rana ta tara jirgi ya sauka. Bakaniken Nasara ya tsiyayi man a kwalba, ya ɗaga ta sama. Ga ruwa nan kwance a ƙasa. Ashe duk sanyin da garwa ta yi, zuƙar ruwan take ta bakin murfi. Matuƙi ya ce ba zai hau sama da wannan ba, a je a ɗauko wani.

Tahiru bai ko ɗaga bulala ba, shi ma ya gaji. "Baba Nomau, wa ya aike ka?"

"Gida nake so in je, Gardi."

Washegari suka kama hanyar Kano, kwana goma zuwa, goma dawowa. Ba wanda ya yi masa magana cikin talatin da taran nan. A Takiyeta, inda hanyar Garagumsa ta rabu, geron mutane ya riga ya kai idon sawu.